Baƙin Mai a Toledo

Wata 'yar fitila ta kama a bayan sitiyari,
rawaya, mai siffar sifana.
Kwana tara ina kauda kai,
kamar mai bin bashi yana sallama a ƙofa
ina aika yaro ya ce na fita.

Ran Talata na kai ta gidan dillalai.
Daɓe tas, kana ganin haƙoranka a ciki,
ga gahawa kyauta, ga talabijin tana zuba ba mai saurare.
Babu warin fetur, babu tsumma,
babu yaro mai baƙin farce.
Wani saurayi, Tayla ne a ƙirjin rigarsa,
ya karɓi makulli da murmushin da ya sha guga,
ya ce in zauna in huta.

Awa biyu, sai ga shi da takarda
mai tsawon lissafin kayan biki:
juyen mai, matatar iska, ruwan birki, sauyin taya,
da wani abin da shi kansa sai da ya leƙa allo.
Dala ɗari shida da arba'in.
Yana tsinka min magana gutsure-gutsure,
idonsa a kan mayafina,
kamar yau na fara ganin mota.

Bai san 'yar Tanimu Mai Fijo ba ce, na Tudun Wada,
wanda kan kara kunne a bonet
ya ce, "Fulogi na uku ne, kada a ɓata kuɗi."
Ban gama wuce tsayin taya ba
nake miƙa masa sifana sha bakwai ba tare da ya duba ba.
Na ce wa Tayla na gode. Na ninke takardar na sa a jakata.

Asabar da hantsi, a bakin garejin haya,
na shimfiɗa kwalin firji, na ɗaure zane da igiya.
Jak, kwano, mazurari, galan guda na mai.
Suwaiba ta riƙe tocilan da hannu ɗaya,
ɗayan yana kan waya.
"Momi, mutane suna kallo."
Na ce su kalla, ido ba ya kashe wuta.

Noti ya ƙi. Na yi bisimilla, ya ƙi.
Na kira sunan Baba, na danna da dukan kafaɗa,
ya saki lokaci guda, ya tafi da fatar yatsana.
Sai mai ya zubo, baƙi, da ɗumi,
ya bi hannuna har gwiwa.
Wannan ƙamshin!
Shekara ashirin da shida ke nan,
sai ga inuwar darbejiya, ga rediyo a kan batir,
ga tarin Baba yana fitowa daga ƙarƙashin akori-kura.
Na daɗe a kwance bayan kwanon ya cika.
Suwaiba ta leƙo: "Kuka kike?"
Na ce ƙura ce, ke dai haska min ta.

Tsoho Kowalski ya tsallako da sandarsa,
ya duba sandar awo, ya goge, ya sake tsomawa,
ya gyaɗa kai, bai ce uffan ba.
Dala arba'in da ɗaya, har da filasta.

Amma fitilar nan ba ta mutu ba.
Na tada inji, na kara kunne kamar yadda aka koya min:
lafiya lau yake numfashi.
Ita kuwa tana nan, rawaya, ta kafe ni da ido.
Motar yanzu ba ta gaya wa kunne ciwonta,
sai kwamfuta 'yar'uwarta.

Suwaiba ta ja tsaki, ta shafa wayarta,
ta shiga ta zauna a kujerar direba,
ta danne wani maɓalli, tana ƙirga goma da Turanci.
Ɗif.
Ta fito tana goge hannun da bai taɓa komai ba.
Na miƙa mata tsumman Baba duk da haka.
Birki kam, na sani, sai na koma wurin Tayla da gahawarsa.
Wannan kuma sai albashi ya fita.